Ɗalibar Malam ta Ƙarshe

Auta ce ta kawo maganar gida da bakinta, ba wanda ya aike ta. Ta dawo daga aiki wata Laraba da yamma, ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta tarar da mahaifinta a inda ta bar shi da safe: kan kujerar gindin taga, rediyo a kashe, hannun dama a kan cinya. Shekara guda ke nan tun da hawan jini ya kayar da shi. Ƙafa ta dawo, hannu ya dawo rabi, harshe ne ya ƙi. Maganar tana fita, amma da nauyi, tana ja, sai ya tsaya a tsakiyar kalma kamar mai hawa bene da kaya a ka. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana koyar da 'yan firamare, wanda in ya ce a yi shiru ana jin sa daga bakin titi, shi ne yanzu in yana son ruwa sai ya nuna kofi da haɓa.

Likita ya ce maganin harshen shi ne magana, ya yi ta yi ko da ba daɗi. To, da wa? Masu zuwa dubiya ba sa iya jira, yana fara zance sai su ƙarasa masa, su ƙara da "Allah ya sawwaƙe." Mama ma haka, don tausayi. Malam kuwa ba abin da ya tsana a duniya irin a ƙarasa masa magana, ko da lafiyarsa bai yarda ɗalibi ya yi wa ɗan'uwansa haka ba. Da ya ga abin ba zai canza ba, sai ya rufe bakinsa ya huta.

Auta tana aiki ne a wani ƙaramin kamfani, hawa na biyu, saman wani kantin sayar da fenti. Suna haɗa wa wani asibiti na'ura mai amsa waya: ka kira, ka faɗi sunanka da abin da ke damunka, ta ba ka rana da lokacin ganin likita, ba sai ka yi sammakon bin layi ba. Irin wannan na'ura tana bukatar baki, tana bukatar kunne. Bakin an riga an samu, muryar Auta aka zaɓa, don maganarta a fili take kamar an wanke. Ta yi makonni tana karatu a gaban makirufo, har ta kai na'urar tana iya faɗin komai da muryarta, har da abin da ba ta taɓa faɗa ba. Kunnen ne ake fama da shi. Sai an tara ɗaruruwan mutane kowa ya karanta jimloli ɗari uku, na'urar ta yi ta saurare har ta saba da yadda mutane suke magana.

Wannan ta zauna ta zayyana wa Malam, ta ce ya zo ya ba su tasa muryar. Ya ɗaga hannun hagu ya kore maganar kamar ƙuda. Mama ta leƙo daga kicin ta ce ta bar tsokanar mutum, wa zai so wannan harshen? Auta kuwa ta dage. Ta ce ai irin muryarsa ake nema, marasa lafiya ne za su riƙa kira, ba masu karanta labarai a rediyo ba. Ta ce na'urar ɗaliba ce da ba ta san ko ɗaya ba, kuma ba ta da malami. Allah ya gani, da gaske take a lokacin, kuma gaskiya ta faɗa. Malam ya daɗe yana kallonta, sannan ya tambayi ƙarfe nawa ake shiga aji.

Asabar uku ya yi yana zuwa. Tun daren Juma'a yake sa Mama ta goge masa riga, ya soke biro a aljihun gaba, ya ɗauki tabarau. Benen nan kafin ya hau shi sai an tsaya sau biyu. A sama akwai wani ɗan ɗaki da aka manna wa soso a bango, kujera ɗaya, makirufo ɗaya, da allon da jimla take fitowa. Mai ɗaukar muryar wani matashi ne da ake kira Dogo, Asabar kawai yake zuwa. Malam ya kafa sharaɗi tun ranar farko: Auta ba za ta shiga ba, ba za ta kasa kunne a ƙofa ba, sai an gama gaba ɗaya ta ji. Ta yi dariya ta ce ta yarda, ta koma teburinta.

Jimla ɗarin farko awa uku ta ci. Ya fito rigar ta jiƙe sharkaf, suka koma gida. Amma ranar Lahadi da safe Auta ta farka ta ji murya a falo. Malam ne yake karanta takardar cikin kwalin maganinsa da ƙarfi, layi bayan layi, har da illolin da maganin kan iya jawowa. Da ya gama ya koma kan tsohuwar jarida, daga nan ya koma kalandar bango. In kalma ta ƙi fita sai ya buga gwiwa ya sake, ya sake, har Mama ta ce ita kam an mayar da ita 'yar aji ɗaya da tsufanta. Tana faɗa tana murmushi, a kicin kuma Auta ta kama ta tana share ido da bakin zani. Gidan ya dawo da hayaniya. Har faɗa ya dawo: an bar fitila a kunne, an sa gishiri da yawa, Auta ba ta gaishe da maƙwabta da kyau.

Ƙarshen wata aka kawo wa Auta muryoyin don tantancewa, wannan ma aikinta ne. Tana maƙala abin sauraro a kunne, ta danna, ta ji jimla, ta ba ta kore ko ja. Kore ya shiga cikin karatun na'ura, ja ya fita. Ƙa'idar a rubuce take a jikin bango: kada jimla ta wuce daƙiƙa takwas, kada a yi dogon shiru a tsakiya, kada a ƙara kalmar da ba ta kan allo. Akwai kuma ƙa'ida ta huɗu, Auta ce ta kawo ta da kanta, Manajan kamfanin har ya yaba mata a gaban kowa. Maimakon a ɓata lokaci ana sauraren ɗari ukun kowane mutum, a ji goman farko, in sun faɗi, a zubar da mutumin gaba ɗaya. Muryoyin ba sa zuwa da suna, lamba ce kawai. Ranar Talata bayan azahar ta danna lamba ɗari biyu da sha huɗu, sai ta ji gyaran muryar da ta sani tun tana cikin zanin goyo.

Jimlar farko ita ce mutum yana son ganin likitan ido ranar Litinin. Malam ya fara da yi wa na'urar sallama, ya tambaye ta ya aiki, sannan ya shiga karatun. Daƙiƙa goma sha tara. Ja. Ta biyu ya tsaya a tsakiya yana neman numfashi. Ja. Ta uku ya gyara wa wanda ya rubuta jimlar, ya ce ba haka ake faɗa ba, ya faɗi daidai. Auta ta yi dariya ita kaɗai, ta ba shi ja. Haka har goma, ba kore ko ɗaya. Ta zauna hannu a kan maɓalli. Ta ƙara guda, don dai ubanta ne. Ta sha ɗayan ma ja ce.

To, a nan ne fa. Ofishin Manaja taku goma ne daga teburinta, kuma mutumin ba dodo ba ne. Amma ranar Litinin ɗin nan, jiya-jiya, wani abokin aikinta ya roƙa a bar muryar gwaggonsa da ta faɗi, Auta ce ta miƙe a taro ta ce aiki ba sani ba sabo, in aka fara sanayya na'urar za ta fito kurma. Har da buga tebur. Yanzu ta je ta ce me? A bar wannan don ubana ne? Ta hango fuskar abokin aikin nan, ta hango murmushin da zai yi. Ta danna, lamba ɗari biyu da sha huɗu ta koma cikin waɗanda aka zubar.

Da a ce shi ke nan, da sai a ce kuskuren hannu ne, kowa yana yi. Amma waɗanda aka zubar ba a goge su nan take, sai Juma'a da yamma, domin takardar da kowa ya sa wa hannu ta yi alkawarin duk muryar da ba a yi amfani da ita ba za a shafe ta, ba za a ajiye ba. Kwana uku muryar tana nan, danna ɗaya zai dawo da ita. Laraba ta ce sai gobe. Alhamis Manaja yana cikin fushi da wani abu daban, ta ce ba yau ba. Juma'a ta tashi da wuri ta tafi gyaran waya.

Da ta isa gida Malam yana jiran ta a kujerarsa, ya san makon tantancewa ne. Ya bari ta ajiye jaka, ya bari ta sha ruwa.

"Na ci?" ya ce.

"Ka ci, Baba."

Ya juya ya kalli Mama, irin kallon nan na ai na gaya miki. Ranar ya ci abinci har da ƙari. Auta kuwa ta yi ta juya cokali a kwano, ta ce kanta ke ciwo.

Kafin mako ya zagayo duk layin an ji. Malam ya koma fita zama a ƙofar shagon Tela, amininsa na shekara arba'in, wani tsoho mai ciwon suga da haƙora huɗu a baki, wanda har yanzu da keken ƙafa yake ɗinki, ya ce na lantarki na ragwaye ne. A can Malam yake ba da labari, a hankali, ba wanda ya isa ya ƙarasa masa yanzu, don shi kaɗai ya san zancen. Ya ce ya yi ɗaliba ta ƙarshe, ba ta da jiki, ba ta da uwa ba ta da uba, amma tana da ƙwaƙwalwa. Ya ce baki na Auta ne, kunne kuwa shi ya gyara. Tela ya ce in dai bakin Auta ne, to Allah ya ji ƙan marasa lafiya, ba za su samu damar cewa uffan ba. Aka yi dariya. Duk wanda ya tare Auta a hanya sai ya yi mata barka, ya ce Allah ya yi albarka, ta dawo musu da Malam. Ta riƙa amsawa da amin, tana jin kunya tana cin ta har cikin ƙashi.

Wata biyu bayan haka asibitin ya buɗe layin. Malam ya gayyato Tela gida, aka zauna a falo, Mama ta kawo shayi. Ya sa Auta ta danna masa lambar ta sa a lasifika, ya ajiye wayar a kan tebur, ya gyara zama. Muryar Auta ta fito tas, ta yi gaisuwa, ta ce mai kira ya faɗi sunansa da abin da yake bukata. Malam ya yi sallama, ya tsaya ya ja numfashi don ya faɗi sunan. Kafin ya buɗe baki wayar ta ce:

"Yi haƙuri, ban fahimta ba. A sake faɗa."

Ya sake, wannan karon ba sallama. Ya kai rabin suna, ta katse shi da irin maganar. Na uku ya ɗaga murya, jijiyar wuyansa ta tashi. Wayar ta ba shi haƙuri, ta ce a sake kira wani lokaci, ta kashe. Tela ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Mama ta dubi Auta, Auta ta dubi ƙasa. Malam ne ya fitar da kowa daga kunya. Ya ce ranar farko ce, ba ɗalibin da ba ya ruɗewa ranar farko, shi ya taɓa samun yaron da ya yi wata uku bai ce komai a aji ba, yau injiniya ne. Ya ce bita take bukata.

Bitar kuwa ya ɗauke ta da gaske. Kullum ƙarfe bakwai da rabi, bayan ya sha magani, sai ya zauna a gindin taga ya kira. Auta tana ɗaki tana ɗaura ɗankwali, tana jin muryarta daga falo tana ba ubanta haƙuri sau uku tana kashe masa waya. Shi kuma ya ce "ba komai, 'yata, mu sake," ya ƙara kira. Ta san na'urar ba ta koyon komai daga waɗannan kiran, abin da aka zuba mata shi ke nan, ko shekara zai yi yana kira. Kalma ɗaya za ta faɗa ya daina wahalar da kansa. Maimakon haka sai ta fara barin gida ƙarfe bakwai da kwata, ta ce aiki ya yi yawa.

A ofis ma bai bar ta ba. Kowace safiya jerin kiran da suka gaza yana fitowa a kwamfutarta, lambar wayar Malam tana ciki sau biyar, sau shida, wata rana tara. Ba shi kaɗai ba ne. Akwai wasu lambobin da suke maimaituwa, in ta saurara sai ta ji tsofaffi ne, ko mai asma, ko wata mata da take magana tana nishi. Irin mutanen da ta zubar ke nan, su ne na'urar ba ta taɓa ji ba balle ta gane su. Sau ɗaya ta kai wa Manaja maganar. Ya juyo mata da allonsa ya nuna mata cewa tara cikin goma na kira suna tafiya lafiya, asibiti ya gamsu, sauran a bari sai zagaye na biyu, baɗi in Allah ya kai mu. Ta ce to. Ta fito tana jin sanyi a ranta, abin kunya, domin in aka tono maganar tsofaffi, lamba ɗari biyu da sha huɗu ma za ta fito.

Sai ga maganar ƙafar Tela. Wani ɗan ciwo ne ya fito masa a babban yatsa, na ƙafar da yake taka keke da ita. Asibitin ya riga ya daina ba da kati ta taga sai dai gaggawa, kowa ya kira waya. Tela ya kira, wayar ba ta gane shi ba, da haƙora huɗu ina za ta gane? 'Ya'yansa duk suna wasu garuruwa, shi kuma ba mai roƙon a yi masa abu ba ne. Ya kai ƙara wurin amininsa, cikin wasa, ya ce ɗalibarka ta raina ni. Malam ya ce ya yi haƙuri da ita, ya riƙa magana a hankali, ya ci gaba da kira, tana gab da ganewa. Ya ce shi ya tsaya mata. Tela ya ɗaure yatsan da ƙyalle ya ci gaba da kira, kwana tara. Auta ba ta san da wannan ba, ita da take fita kafin kowa ta dawo ta shige ɗaki. A rana ta goma ƙafar ta kumbura har ƙwauri, maƙwabta suka ɗauke shi a mota zuwa gaggawa. An ceci ƙafar, yatsan ne aka yanke.

Malam ya je dubiya ranar Laraba, Mama ta raka shi. Ta ce Tela bai yi masa ƙorafi ba ko kaɗan, wasa ma ya yi, ya ce yanzu dole ya shiga sahun ragwaye ya sayi na lantarki. Malam bai yi dariya ba. Ya dawo ya zauna a kujerarsa. Alhamis ƙarfe bakwai da rabi ta yi, ta wuce, ba a kira kowa ba. Auta da ta tsaya da gangan don ta ji, ta fita ta bar gidan shiru. Juma'a ma haka. Abinci ya koma kicin yadda aka kawo shi.

Asabar da safe Mama ta buga mata ƙofa ta ce babanta yana kira. Ta tarar da shi a shirye, riga a goge, hula, sanda a jingine da gwiwa. Ya nuna mata kujerar da ke gabansa. Ta zauna a ƙasa, kusa da ƙafarsa. Mama ta tsaya a ƙofar kicin da tawul a hannu.

Ya ce ta kai shi wurin Manajansu, in ba ya ofis yau to gidansa. Ya daɗe kafin ya gama bayanin, ba wanda ya taya shi. Ya ce ya yi kwana biyu yana tunani, ya gano inda matsalar take. Yaro abin da ya ji shi yake ɗauka. In malami ya koya da karkataccen harshe, kunnen ɗalibi ne yake karkacewa, kuma gyaran wannan ya fi koyarwar farko wuya, ya sha gani. Shi ya san halin da bakinsa yake ciki, bai kamata ya yarda ba tun farko. Son a ce har yanzu yana da amfani ne ya kai shi, ba wani abu ba. Ya je ya zuba wa na'urar mutane jimla ɗari uku na gurguwar magana, ya rikita ta, ga shi ta kasa gane shi, ta kasa gane kowa. Sannan bai tsaya nan ba, ya hana amininsa neman wata hanya, don kada a ce ɗalibarsa ta gaza.

"A cire muryata," ya ce. "Zan ba shi haƙuri da bakina. Ke ma ki yafe min, na sa ki a tsaka mai wuya."

Ka ga ƙofa an buɗe mata har bango. Ba sai ta yi komai ba. Ta ce masa ba sai ya wahala da bene ba, ita za ta cire ranar Litinin, shi ke nan magana ta mutu, ba wanda zai taɓa sani har abada. Kuma wallahi ta fara. Bakinta ya ce "to, Baba" tun kafin ta yi shawara da shi. Ta ce ya bar mata, abu ne mai sauƙi, Manaja ba zai ɗauke shi da zafi ba. Malam ya sauke ajiyar zuciya, ya ɗora hannun nan mai rauni a kanta. Ya ce Allah ya yi mata albarka. Ya ce tun da ciwon nan ya same shi kowa ya gaji da bakinsa, har uwarta, ba laifinsu ba ne. Ita kaɗai ce ta zauna ta saurare shi jimla ɗari uku ba ta ƙosa ba.

Hannun ba shi da nauyi, amma ta kasa ɗaukarsa. Ta zame kanta daga ƙarƙashinsa.

"Baba, muryarka ba ta ciki."

Bai gane ba. Ta sake faɗa, ta faɗi sauran, ba tsari, tana haɗiye rabi. Ƙa'idar daƙiƙa takwas, ja da kore, kwana ukun da ta bari suka wuce, Juma'ar da aka goge. Ta ce na'urar ba ta taɓa jin sa ba ko sau ɗaya. Ta ce ba shigarsa ce ta ɓata ta ba, rashinsa ne, shi da ire-irensa da ta zubar da hannunta. Ta ce kiran safiyar nan ma ba ya zuwa ko'ina. Mama ta ce "innalillahi" a hankali, ta zauna a bakin ƙofar.

Auta ta jira faɗa. Ta so ya yi, ta so muryar nan ta da ta dawo ko sau ɗaya ta sauka a kanta. Malam ya rufe ido, leɓensa yana motsi. Da ya buɗe, abin da ta gani a fuskarsa ya fi mari ciwo: sauƙi ne ya samu.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ashe ba harshena ne ya cuci mutane ba."

Ya cire hular ya ɗora a gwiwa, ya shafa kansa. Ya ce maganar Tela tana nan a wuyansa, wannan shi ya yi, zai je ya faɗa masa. Auta ta ce ita za ta je, ita ce mai laifin. Ya ce kowa ya je da nasa. Sai ya juya yana kallon taga, har ta ɗauka an gama. Wata mota ta wuce a titi. Ya juyo.

"Kin ji su kafin ki goge?"

Ƙarya ɗaya ta rage mata, ƙarama, wadda ba mai iya kamawa. Ta duba ta ga ba ta da sauran ƙarfinta.

"Goma sha ɗaya na ji."

"Cikin ɗari uku."

"E, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali, sau biyu. Ba fushi a muryarsa da ya yi magana, kuma kalmomin suka fito a jere, ba inda ya tsaya.

"Da kin kai ɗarin ƙarshe. Ranar harshen ya saki, ban san yadda aka yi ba. Har Dogo ya cire abin kunnensa ya leƙo ya ga ko ni ne. Tun ranar nake jira ki ce min kin ji."